Motar Marigayi Tosu

A kasuwar Wando ta Porto-Novo na fara jin maganar, daga bakin matar da nake sayen busasshen kifi a wurinta: wai marigayi Tosu ya hana matarsa Dosi motarsa. Wata biyu ke nan da binne shi. Sau biyu aka miƙa wa Dosi makulli a gaban dangi, sau biyu motar ta ƙi ko da tari. Amma da ƙanensa Ahisu ya murɗa, sai ta tashi kamar an tsikare ta da allura.

Kafin in kai rumfar mai barkono maganar ta yi 'ya'ya. Mai barkonon cewa ta yi Tosu ne da kansa yake fita yawo da motar, har garin Sakete yake zuwa ya dawo, shi ya sa batir yake mutuwa. Na tambaye ta ko mai ma yana raguwa a tanki. Ta ce matattu ba sa shan mai. Na ce to ta yaya aka yi suke shan batir? Ta dube ni sama da ƙasa, ta rage mini barkono biyu daga kashin da ta riga ta zuba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'yan matan Porto-Novo ilimin lantarki da maganaɗisu, kuma Dosi tana cikin waɗanda suka zauna a gabana. Ba zan yi mata ƙaryar ƙoƙari ba. Shekara biyu muka yi tare, ba ta taɓa haɗa waya ƙwan fitila ya kama ba. Sai dai yarinya ce da in ta fasa kwalba takan zo ta faɗa da bakinta, kuma irin wannan ba su da yawa. Bayan aurenta ita da Tosu suka kama sana'ar manja. Suna shiga ƙauyukan Ajohun su ciko jarkoki, su kawo Wando, shi yana tuƙi ita tana ciniki, har da ciwon ƙafa ya kama shi ta koyi tuƙin ita ma. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, duk kujerunta sun yi ja saboda manja, amma ita ke ciyar da gidan, ita ke riƙe da yara uku a makaranta.

Da na bincika sai na ji yadda abin yake. Bayan rasuwa an yi gardama a kan motar, Ahisu yana cewa kayan wansa ne, Dosi tana cewa guminsu ne su biyu. Aka je wurin boka, boka ya ce a bar mai motar ya raba gardama da kansa. A sa batir mai caji, a rufe motar kwana uku kada kowa ya taɓa, don marigayi ya samu sukunin yin shawara, sannan a ba matar makulli. In ta tashi, tata ce. Sau uku za a gwada. An yi biyu. Na ukun ranar Asabar ne, kuma in aka rasa, ba motar kaɗai za ta rasa ba. Duk unguwa za ta zauna tana lissafin abin da ta yi wa mijinta har ya juya mata baya daga kabari.

Ranar Laraba ake kawo batirin. Na buɗe akwatin da nake ajiye kayan da makaranta ta manta ba ta karɓa ba lokacin da na yi ritaya, na ɗauko tsohuwar mitata ta auna wuta, mai allura, na sa a jaka, na tare ɗan acaɓa.

Na tarar da motar a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an lulluɓe ta da tamfol, gabanta kawai aka yaye. Mukaila mai gyaran wayar mota yana tsugune yana goge kan batir. Ahisu yana tsaye a kansa da hannu a aljihu, kamar wanda ya riga ya biya kuɗin lasisi. A kan kujera kuwa, da sanda a gefenta, ga Agosi, ƙanwar uban marigayin, wadda duk gidan ke kira Tanyi, kuma wadda in ba ta ce an gama binne mutum ba to ba a gama ba. Tare muka yi koyon katikisim a coci da ita shekara sittin da suka wuce, kuma tun lokacin ba ta yafe mini ba.

"Filomen," in ji ta. "Makaranta ta ƙone ne aka sako ki?"

"Gaisuwa na zo yi, Agosi. Na ga kin ƙara ƙiba."

Ba ta kai nauyin tsintsiya biyu ba. Ta yi tsaki, ta nuna mini ɗakin Dosi da haɓa.

Dosi tana zaune a tabarma cikin baƙin zanen takaba, kai ba gyara. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Maimakon ta yi murna sai ta sunkuyar da kai.

"Metires, in kuma da gaske shi ne fa?" in ji ta, da sunan da ɗalibai ke kiran malama.

"Shi ne me?"

"Shi ne ba ya so. Ana gobe zai kwanta ciwo mun yi faɗa a kan taya. Na ce masa ya fi son motar a kaina. Ban ba shi haƙuri ba."

"Shekara nawa kuka yi kuna faɗa a kan taya?"

Ta yi ɗan tunani. "Sha tara."

"To da yana riƙe irin wannan da tun yana raye ya hana ki makulli. Tashi ki zo ki tsaya kusa da ni. Yau za ki ga darasin da kika yi barci a cikinsa."

Da muka fito Mukaila ya riga ya zaunar da batirin, ya ɗaura kan ja, yana shirin ɗaura baƙin. Na ce ya dakata. Tanyi ta buga sanda a ƙasa.

"Ba a taɓa motar nan."

"Ba taɓa ta zan yi ba. Kin san a kasuwa akwai marasa kunya da ke cewa ba Tosu ba ne, wai ku ne kuka shirya abin. Wannan akwatin, in wani yana shan wutar batir, allurarsa takan motsa. In ta motsa a gaban mutane, kin ga an rufe bakinsu."

Ta auna ni da ido. Ta san akwai ƙugiya a cikin maganar, amma ba ta ga inda take ba.

"Su wa suka ce mun shirya?"

"Mai barkono," na ce. Allah ya yafe mini.

"Sa abin naki."

Na ba Mukaila wayoyin mitar, ɗaya a kan baƙin kan batir, ɗaya a kan wayar da aka cire, yadda duk wutar da za ta fita dole ta bi ta cikin akwatina. Makulli yana ƙulle a bakin zanen Tanyi, ƙofofi a rufe, rediyo a kashe. Mota mai lafiya in tana barci, abin da take sha bai isa ya ɗaga allurar daga inda take kwance ba sai da ƙyar, ɗan abin da agogo ke sha kawai. Wannan allurar kuwa ta miƙe ta tafi kusan rabin amfiya, ta tsaya cak.

Tanyi ta taso ba ma ta tuna da sanda ba. Ta leƙa, ta dubi matan gidan da suka taru a bakin madafa.

"Kun gani? Har akwatin boko ya shaida. Ga shi nan yana sha."

"Yana sha kuwa," na ce. "Da rana tsaka, ba ko kunya. A haka kwana uku ya ishe shi ya kwantar da tsohon batir irin wannan. Saura mu ga ta wace ƙofa yake shigowa."

Na juya ga Mukaila na yi ƙasa da murya. "Kai ba ka san wannan aikin ba ne?"

"Na sani mana, Metires. Na duba dinamo lafiya lau, batir ma yana riƙe caji in yana shagona. Amma ni baƙo ne a gidan nan. An ce mini mamaci, ni kuma sai in ce waya? Na ɗaura, na karɓi sallama, na yi gaba."

Akwatin fiyus ɗin motar yana ƙarƙashin sitiyari, dole sai an buɗe ƙofar direba, kuma da an buɗe ƙofa fitilar rufi za ta kama ta rikita mana awo. A jikin ƙofar akwai ɗan maɓalli da ƙofa ke dannewa in an rufe ta. Akwai hanyoyi goma na danne shi, ciki har da tsinke da ɗan ƙyalle. Na kira Ahisu da sunan girmamawa, Fofo, wato yaya.

"Fofo, kai ne namiji a nan. Sa babban yatsanka ka danne wannan. In ka saki, komai ya lalace."

Ya duƙa ya danne. Bishiyar mangwaron ba ta kai inuwarta wannan gefen ba.

Muka fara. Mukaila yana kwance rabinsa a cikin mota yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, Dosi tana riƙe da mita tana faɗin abin da allura ta yi, ni kuma ina kan kujerar da aka kawo mini ina cin gyaɗa. Na fitilun gaba, allura ba ta motsa ba. A mayar. Na oda, haka. Na abin share gilashi, na rediyo, na sigina. Kowanne na ce a jira a ƙirga ashirin kafin a mayar, ba don aikin yana bukata ba.

"Metires, yatsana ya mutu," in ji Ahisu.

"Shi ma sai mu kai shi caji wurin Mukaila. Danne."

A fiyus na bakwai Dosi ta ja numfashi. "Ta kwanta. Metires, allurar ta kwanta."

"Na mene ne wannan, Mukaila?"

"Na fitilun ciki. Ta rufi, ta ɗan akwatin gaba, da ta but. Agogo ma a kansa yake."

Na ce ya mayar, allura ta sake miƙewa. Fitilar rufi a kashe take, albarkacin yatsan Ahisu. Muka buɗe ɗan akwatin gaba, muka tarar ƙwan cikinsa ya ƙone tun zamanin da ban yi furfura ba. Na ce a rufe ƙofa a sallami Ahisu, ya miƙe yana yarfe hannu yana magana ƙasa-ƙasa. Na nufi bayan motar.

"But ɗin nan ba a buɗe shi," in ji Tanyi, ta sha gabana.

"Me ke ciki?"

"Kayansa. Rigar da ya sa ta ƙarshe, hularsa, takalmansa. Mutumin da ya fi zama a mota a kan ɗaki, a ina kike so a ajiye masa? Suna nan sai ranar fitar da takaba."

"Ba zan buɗe ba. Tamfol kawai zan ɗaga."

Na ɗaga. Murfin but ɗin bai zauna daidai ba, ya ɗago kamar kaurin yatsa ɗaya, an ɗaure shi da zaren ganyen kwakwa don kada iska ta wangale shi.

"Wa ya bar shi haka?"

"Ni," in ji ta, da alfahari. "Da hannuna, kashegarin binnewa. Ke da karatunki ba ki san ba a rufe wa mamaci ƙofa ba? Ta ina zai shiga ya ɗauki hularsa?"

Na cire ɗankwalina na lulluɓe kaina da bakin murfin don in tare hasken rana, na duƙa, gwiwoyina suna zagina, na sa ido a tsagar. Ga hular Tosu a kan rigarsa a ninke, ga takalmansa a jere, kuma a kansu duka wani ɗan haske ruwan ƙwai yana zuba, a natse, kamar ɗakin da aka gyara ana jiran baƙo.

"Zo ki gani, Agosi."

Ta duƙa ƙarƙashin ɗankwalin. Ta daɗe. Da ta ɗago idanunta sun kawo ruwa.

"Ya kunna fitila," in ji ta a hankali. "Tun yana yaro ba ya son duhu."

A nan na ɗan ji nauyinta, gaskiya. Amma na dubi Dosi tsaye da mita a hannu, sai nauyin ya wuce. Na ce gwiwata ta riƙe, wani ya taimaka, kafin a kawo kujera na juya na zauna a kan murfin but ɗin da duk abin da Allah ya ba ni, kuma bai yi mini rowa ba. Aka ji ƙas.

"Allura ta kwanta," in ji Mukaila daga gaba.

"Kin zauna a kan ɗan wana," in ji Tanyi. "Filomen, tashi. Kin rufe shi a ciki."

Na tashi ina ba da haƙuri. Ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta yi 'yan maganganunta na neman gafara, ta buɗe murfin daidai kaurin yatsa kamar da, ta gyara zaren.

"Ta miƙe," in ji Mukaila.

"Ikon Allah," na ce. "Agosi, ko ke ma za ki zauna mu gani? Wataƙila ni ce ba ya so."

Don ta ƙaryata ni ta hau ta zauna. Murfin bai ko san an zo ba. Sai da Mukaila ya zagayo ya ɗan dafa gefe, aka ji ƙas, Dosi ta ce ta kwanta. Daga nan sai wani sauti ya kuɓuce wa Dosi, ta toshe baki da bakin zane, kafaɗunta suna girgiza. Matan madafa suka ɗauka kuka take yi, ɗaya har ta zo ta rungume ta. Ni da na yi shekara biyu ina korar ta daga aji saboda wannan dariyar, na gane ta.

Tanyi ta sauko, ta sake buɗe murfin, ta tsaya a gabansa.

"Ko allurarki za ta yi rawa, but ɗin nan ba ya rufuwa sai ranar fitar da takaba."

"Kada ki rufe. Ƙofarsa ce, ki bar masa. Wannan ɗan abin kawai za a cire." Na sa Mukaila ya zaro fiyus na bakwai, na ɗora shi a tafin hannuna. Bai kai girman farce ba.

"Wannan maguɗi ne," in ji Ahisu. "Boka cewa ya yi kada a taɓa."

"Fofo, da ka tayar da motar nan, wace rana ce?"

"Ranar… ranar da aka kawo batir. Gwadawa na yi a ga ko ya yi caji."

"Sau biyun?"

Ya dubi Mukaila. Mukaila ya dubi mangwaro.

"Dosi kuma ana ba ta bayan kwana uku. Ka taɓa gwada naka hannun bayan kwana uku?"

Na koma kan Tanyi, don ita ce mai hukunci, ba shi ba.

"Agosi, mutumin da ya iya tasowa daga inda kuka kwantar da shi, ya ƙetare titin Wando da ni mai rai nake tsoron ƙetarewa, ya shigo gidan nan, wannan ɗan farcen ne zai tare shi? In shi ne ba ya so, ranar Asabar motar ba za ta tashi ba ko an cire fiyus goma. Ko kina ganin bai kai ba?"

Agosi tana da taurin kai, amma ban taɓa sanin ta da cuta ba.

"Kawo," in ji ta. "Ni zan riƙe, kada ki ce an mayar, kada Ahisu ma ya ce an sauya." Ta ƙulle fiyus ɗin tare da makulli a bakin zane. "Kuma kujerata a nan za ta zauna har Asabar. Wanda ya matso kusa da motar nan, ko kai ne Ahisu, zai ji sanda." Sannan ta juya ta duƙa wajen tsagar. "Ka yi haƙuri da duhu kwana uku, ɗana. Wata mahaukaciya ce ta zo."

Mukaila ya ɗaura baƙin kan batir, aka ja tamfol.

Ranar Asabar da hantsi gidan ya cika har waje. Mai barkono ma ta zo, ta samu wuri a gaba. Babban gidan, tsohon da ake kira Da Zinsu, yana zaune a tsakiya da farin mayafi a kafaɗa. Tanyi ta zuba ruwa a ƙasa gaban motar, ta bi shi da ɗan sodabi, barasar da ake tacewa daga bammi, ta kira sunan Tosu da na ubansa da na kakansa, ta kwance makulli ta miƙa.

Dosi ta shiga ta zauna. Ta daɗe hannunta a kan sitiyari. Ta taka totur sau biyu yadda mijinta yake yi, ta murɗa. Motar ta yi tari ɗaya, ta kama, ta turnuƙe 'yan gaba da baƙin hayaƙi mai warin manja. Dosi ta kifa goshinta a kan sitiyari, oda ta ɗauki ƙara, ba ta ɗago ba sai da babbar 'yarta ta buɗe ƙofa ta janye ta.

Nan take bayani ya fara yawo. Tanyi ta ce sodabin da ta zuba yau na garin Ajara ne, ba irin na baya ba, shi ya sauko da zuciyarsa. Wata ta ce ta yi mafarkin Tosu yana murmushi. Ahisu ya ce shi dama ba motar yake so ba, mutuncin gida yake karewa. Da Zinsu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce motar ta Dosi ce, magana ta ƙare. Sannan ya nemo ni da ido a cikin taron.

"Metires, an ce kin zo da akwati ranar Laraba. Me kika gani?"

Na miƙe.

"Murfin but bai rufu ba, Da. Ƙwan fitilar ciki yana kunne tun kashegarin binnewa, shi yake shanye batirin cikin kwana uku."